Ɗaki na Biyar

Shafi na 31

Masu bibiyata, na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ban sako wannan shafin yau ba, za ta zo ta ƙwace min waya. Na gode da ƙauna, Allah Ya bar mu tare. Jiya mun rabu da Ƴar Baba a ƙofar falon gidansu, ranar Asabar da yamma, daidai lokacin da Babban Yaya ya ce yana da magana. To ku gyara zama.

*

"Kowa ya zauna," in ji Babban Yaya, yana jujjuya waya a hannunsa. "Magana ce ƙarama, amma ta kai ni maƙura."

Ƴar Baba ta ajiye ledar ɗinkin da ta taho da ita daga shago, ta raɓa ta zauna a hannun kujerar Mama. Baba yana can gefen taga kan ɗan teburinsa, gilashin gyaran agogo maƙale a idonsa na dama. Shekara biyu da rufe shagonsa, amma har yau mutane biyo shi suke yi gida da matattun agogunansu, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Gidan kallon nan zan yi wa shara," Yaya ya ce. "Yau ɗin nan zan canza lambar sirri, in fitar da kowa da kowa. Wanda na sani in ba shi sabuwa, wanda ban sani ba Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Ƴar Baba ta kafe wayar hannunsa da ido.

Gidan kallo shi ne sunan da suka raɗa wa manhajar finafinan nan ta intanet da Yaya ke biyan kuɗinta duk wata. Shekara huɗu ke nan, yana biya yana mita, amma bai taɓa fashi ba. Da an buɗe ta ɗakuna biyar ne ke fitowa a jere, kowanne da ɗan hotonsa da sunansa a ƙasa. Na farko na Yaya da matarsa, na biyu na yaransu, na uku na Baba da Mama, na huɗu na Ƴar Baba. Kuma a gidan nan ba a barin suna ya zauna lafiya. Duk wanda tsokana ta motsa masa sai ya shiga ya canza sunan ɗakin wani. Yau ka tarar an mayar da na Yaya "Sarkin Mita", gobe na Ƴar Baba ya koma "Ki Dawo Gobe", saboda abin da take faɗa wa masu kawo ɗinki ke nan. Mama takan ce mutane na cewa zumunci a ƙafa yake, su kam nasu a rimot yake.

Ɗaki na biyar shi ne matsalar. Sunansa "Shago", kuma kowa ya san na masu jiran ɗinki ne a shagon Ƴar Baba, don ita ta gaya musu haka. Ƙarya ce tsagwaronta.

"Haba Yaya," ta ce, tana ƙaƙaro dariya. "Meye ya yi zafi haka?"

"Meye ya yi zafi? Jiya yarana sun dawo makaranta za su kalli ɗan fim ɗinsu, sai abu ya ce wai mutane sun yi yawa, su jira. Ni ke biya, yarana ke bin layi!"

"To ai sau ɗaya ne."

"Sau uku a watan nan. Shi ya sa na zauna na duba jerin wayoyin da ke shiga." Ya miƙo mata wayar. "Ga tawa, ga ta matata, ga talabijin ɗin nan, ga taki. Wannan fa? Dubi garin da take. Ko a mafarki ba mu da kowa a can."

Ta duba. Ta karanta sunan garin sau biyu. Shekara uku tana son ta san inda mai wayar nan yake, sai ga shi yau a rubuce, a hannun mai shirin korarsa.

"Wataƙila cikin masu kawo min ɗinki ne wata ta yi tafiya," ta ce.

"To ta yi tafiya da kuɗinta. Ke ma kin cika sakaci, kowa ya yi miki murmushi sai ki miƙa masa lambar sirri."

"Yaya don Allah ka bari sai wani satin."

"Me zai faru wani satin?"

Mama, wadda ke ninke wanki a cinyarta, ta dube ta ta gefen ido.

"Ke lafiyarki? Ji yadda kike zufa kamar an ce za a rufe miki shago."

"Lafiya lau Mama."

Yaya ya riga ya shiga wurin da ake yi. Ƴar Baba tana hango maɓallin daga inda take zaune, ɗan ja ne, an rubuta a fitar da dukkan wayoyi. Dannawa ɗaya ce. In ya danna, mai wayar can zai buɗe ya tarar an rufe masa ƙofa, kuma babu lambar da za ta kira ta ba shi sabon mabuɗi, don ba ta da lambarsa. Ba wanda ke da ita.

Babban yatsan Yaya ya ɗaga.

Ba ta san lokacin da ta dira daga hannun kujerar ta riƙe masa hannu ba.

"Kar ka danna! Don girman Allah Yaya kar ka danna!"

"Ke! Kin haukace ne?"

"Auta ne!"

Falon ya yi tsit. Sai ƙarar agogunan Baba guda shida da ke jikin bango, kowanne yana ta aikinsa. Rigar da Mama ke ninkewa ta zame ta faɗi ƙasa.

Shekara uku rabon da a ambaci sunan nan a gaban Baba. Auta, ƙaninsu, shi ke taya Baba zama a shago. Wata rana agogon wani babban mutum ya yi ɓatan dabo daga aljihun tebur, aka duba sama da ƙasa babu. Baba, mutumin da ya yi shekara arba'in ko allurar agogo ba a taɓa cewa ta ɓace a hannunsa ba, ya tsayar da Auta a gaban mai agogon da maƙwabtan shago ya kira shi ɓarawo. Auta ya rantse, Baba ya ce ya bar masa gida. Yaya ne da hannunsa ya fito masa da jakarsa. Tun daga ranar layinsa ya daina shiga, Baba kuma ya kafa doka: kada ya sake jin sunan a gidansa.

"Me kika ce?" Muryar Mama ce.

Ƴar Baba ta durƙusa a tsakiyar falon. Ta san ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Mama ki yafe min. Ɗakin nan na biyar ba na shago ba ne, nasa ne tun asali, ni na canza masa suna bayan tafiyarsa don kar Yaya ya goge. Wata huɗu da tafiyarsa na buɗe da safe, sai na ga sunan ya koma 'Ina lafiya'. Na zaci yaran Yaya ne ke wasa. Na goge na rubuta 'Waye?' Washegari na tarar an sa 'Mai cin miki tsire'."

Ta yi dariya cikin kuka, ta share hanci da gefen mayafinta.

"Duk duniya mutum ɗaya ne ke sace min rabona in na ajiye. Tun daga nan muke magana. Wurin sunan harafi ashirin kawai yake ɗauka, da su muke gaisawa. Ya rubuta, in karanta, in goge in mayar da 'Shago' kafin kowa ya tashi. Ya ce min ya samu aiki. Ya ce min ya yi zazzaɓi ya warke. Duk wata sai ya rubuta 'Ki gaida Mama'."

"Kuma ba ki taɓa gaishe ni ba." Mama ta dafe ƙirji. "Shekara uku ina kwana ina tashi ban san ko yaron nan yana numfashi ba, ke kina nan kusa da ni kina ɗinka min riguna!"

"Na gaishe ki Mama, wallahi na gaishe ki. Duk ranar da na shigo na ce miki ana gaishe ki, kika ce wa, na ce mutanen shago, to shi ne. Ya ce in na faɗa wa kowa zai daina shiga. Na roƙe shi lamba ya hana ni. Tsoro na ji kar in rasa ɗan abin da ya rage."

Mama ta rufe fuska da tafukanta. Yaya kuwa yana tsaye da waya a hannu, ya janye yatsansa can nesa da allon kamar wanda aka ce masa akwai kunama a kai. Duk su ukun suka juya wajen taga, don hukuncin ba nasu ba ne.

Baba ya ajiye ɗan sukurdirebansa a hankali. Ya cire gilashin daga idonsa, ya goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ƴar Baba ta sadda kai tana jiran tsawa. Ta san halin mahaifinta, in ya yi shiru haka to hadari ne ke haɗuwa.

"Babba," ya ce da Yaya. "Ajiye wayar nan."

"Baba ni ban san..."

"Na ce ajiye. Kar ka taɓa komai." Ya numfasa. "Ba mu gama na giwaye ba."

Suka dubi juna. Yaya ya ce, "Na'am?"

"Shirin namun dajin nan. Muna kan na giwaye, kashi na bakwai. Ya kalli rabi jiya, ni kuma ban samu na ƙarasa ba saboda baƙin da aka yi."

Ni kaina mai ba ku labarin nan sai da na ajiye waya na sha ruwa a wannan wurin.

"Baba..." Ƴar Baba ta ɗago. "Ka sani?"

"Ke kina ganin kin fi kowa sammako a gidan nan? Bara da na kwanta asibiti, ranar da aka sallamo ni barci ya ƙi, gari na wayewa na fito na kunna talabijin. Sai na ga ɗakin shagon naki an rubuta 'Ya jikin Tsoho?'" Ya ɗan murmusa. "Mutum ɗaya ne ke ce min Tsoho a bayan idona yana zaton ban sani ba."

"Innalillahi," in ji Mama a hankali.

"Na daɗe a tsaye da rimot. Daga baya na ce bari in leƙa ɗakin. Ina shiga na tarar da shirin dabbobin nan da muke kallo tare tun yana ƙarami, an kalli rabi an tsaya. Kin tuna, Maman yara? Kullum rabi yake kaiwa ya yi barci a cinyata, da safe ya tashe ni da tambaya, Baba zakin ya kama barewar? Sai na zauna na ƙarasa masa. Bayan kwana biyu na dawo, na ga an fara na gaba, an sake tsayawa a rabi. Na ƙarasa. Wata goma sha huɗu ke nan, shi ya fara, ni in ƙarasa."

Ƴar Baba ta ji wani abu ya sake a ƙirjinta, abin da ta daɗe tana ɗauke da shi ita kaɗai. Ita ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga cikin ɗakin ba, a bakin ƙofa take tsayawa ta karanta suna ta juya. Ashe duk safiyar da take lallaɓawa tana gogewa, akwai wanda ya riga ta karantawa ya yi shiru.

"Shi ya sa kake korata kicin in haɗa maka shayi sau biyu!" Mama ta ce, hawaye na zuba, tana nuna shi da yatsa. "Ka ce min labarai kake kallo!"

"To ai labarai ne. Labaran ɗana."

"Amma Baba," Yaya ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "in ka huce, me ya hana ka ce ya dawo? Ai kuskure ne ya yi, yaro ne a lokacin."

Baba ya dubi babban ɗansa, ya dubi matarsa, sannan ya mayar da ido kan teburinsa. Ƴar Baba ba ta taɓa ganin kafaɗun mahaifinta sun sauka haka ba.

"Bai yi kuskure ba. Ni na yi."



"Ranar da muka kwashe kayan shago, shekara biyu ke nan, da masu ɗauka suka ciro aljihun teburin gaba ɗaya, sai ga agogon nan a maƙale ta baya, tsakanin katako da katako. Ya zame ne ya faɗa. Na ɗauka na kai wa mai shi a ranar. Na dawo gida zan faɗa muku, na tarar da ke, Maman yara, kina shanya, na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Na ce gobe. Goben ce har yau."

"Shekara biyu!" Mama ta miƙe tsaye. "Shekara biyu ka san yarona ba ɓarawo ba ne!"

"Na sani."

"Ka bar ni ina jin kunyar maƙwabta!"

"Na bar ki. Duk abin da za ki faɗa kin yi gaskiya. Girman kai ne, ba shi da wani suna. Na iya gyara agogon kowa a garin nan, na kasa gyara abin da na ɓata da bakina."

Yaya ya zube kan kujera ya dafe kai. "Ni na fito masa da jakarsa," ya ce. "Har na ce masa ya ji kunya. Yau kuma saura ƙiris in sake korarsa saboda fim ɗin yara."

Ƴar Baba ta matsa kusa da shi a kan gwiwoyinta.

"Yaya, kai ne fa ka riƙe mana shi. Shekara uku kana biya, kana mita, kana cewa wata mai zuwa za ka rufe, ba ka taɓa rufewa ba. Ko wata ɗaya ka yi fashi da shi ke nan. Duk ranar ɗaya ga wata sai na yi maka addu'a ba ka sani ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa naka yaran su riƙe ka haka."

"Amin," in ji Baba. "Ni ma ban taɓa ce maka na gode ba. Kullum cewa nake ɓarnar kuɗi ce. Na gode, Babba."

Yaya ya juyar da fuska wajen bango, wai shi a dole wani abu ne ya faɗa masa ido. Sarkin Mita yau ba baki.

Baba ya ɗaga kai ya dubi agogunan bangon. "Biyar saura minti goma. Ranar Asabar ƙarfe biyar yake shiga, ba ya wucewa. Da alama lokacin yake tashi daga aiki." Ya dubi Ƴar Baba. "Kunna mana. Harafi nawa kika ce?"

"Ashirin, Baba."

"Sun isa. Rubuta masa: an ga agogon."

Ta kunna talabijin. Ɗakunan biyar suka fito a jere. Ta shiga, ta goge "Shago", ta rubuta. Suka zauna su huɗu suna kallon kalmomi uku a ƙarƙashin ɗan hoton damisar da Auta ya zaɓa wa kansa tun yana gida.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai," Baba ya ce, don dai a rage shirun. "Wata uku ke nan waƙoƙin jarirai sun cika ɗakin nan. Wasu agwagi ne ke ta rawa, waƙa ɗaya a maimaita ta sau goma."

"Ka gani ko," in ji Yaya yana jan hanci. "Shi ma ya raba wa maƙwabtansa lambar. Halin gidan nan ne."

Mama dai ta yi wa Baba wani irin kallo, ta koma ta zauna a bakin kujera.

Agogo shida suka buga biyar, ba wanda ya riga wani. Ƴar Baba ta fita daga manhajar ta sake shiga. Sunan yana nan yadda ta bar shi. Biyar da minti uku, ta sake. Yana nan. Biyar da bakwai, Mama ta fara salati a hankali.

Biyar da minti tara, sunan ya canza.

*Ai ban ɗauka ba*

Baba ya runtse ido kamar an mare shi. Ya gyaɗa kai sau biyu.

"Ya yi gaskiya. Yana zaton ke ce. Ba ni abin nan."

"Baba bari in rubuta maka, haruffan ƙanana ne."

"Ni da nake ɗaura allurar daƙiƙa? Ba ni."

Ta miƙa masa rimot. Ya sa tabaransa, ya matso gaban talabijin, ya shiga bin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Hannun da bai taɓa rawa a cikin agogo ba yau sai da ya yi kuskure sau uku. Ba wanda ya taya shi, don kowa ya san wannan aikin nasa ne. Da ya gama ya ja da baya.

*Ka yafe min. Babanka*

Harafi ashirin cif, ko gurbin numfashi bai rage ba.

Aka koma jira. Wannan karon jiran ya fi na farko tsawo. Minti biyar, minti goma. Shayin da ke gefen Baba ya huce. Yaya ya miƙe ya zauna ya sake miƙewa. Ƴar Baba ta shiga ta fita har yatsanta ya gaji, zuciyarta na gaya mata sun yi gaggawa, sun tsorata shi, ya tafi ke nan.

"In bai amsa ba, hakkinsa ne," Baba ya ce. "Ko iya nan aka tsaya na gode wa Allah. Ya karanta."

"Sake dubawa," in ji Mama.

Ta sake.

*Na san kai ke kallo*

Wani sauti ya fito daga bakin Baba, rabi dariya rabi kuka.

"Ya sani! Ja'irin yaro, ashe ya sani!"

"Yo ba dole ya sani ba," Ƴar Baba ta ce tana share hawaye. "Ni da ko hoton maciji na gani sai na bar ɗakin? Ya san ba ni ba ce. Da gangan yake tsaya maka a rabi, Baba."

Baba ya zauna daɓas a ƙasa, a gaban talabijin, kamar ƙaramin yaro. Ya ɗaga hannuwa sama. "Alhamdulillah. Allah na gode Maka da Ka nuna min wannan ranar ina da rai."

Mama ba ta jira an ba ta ba, ta fizge rimot ta danƙa wa Ƴar Baba.

"Kun gama naku, saura ni. Rubuta: dawo gida. Ki sa Mamanka, ya san ba wasa."

Ƴar Baba ta rubuta. Wannan karon ko minti biyu ba a yi ba.

*Mu uku ne Mama*

"Uku?" in ji Yaya. "Uku kamar yaya?"

Mama ta ɗaga hannu tana ƙirgawa da yatsu, leɓunanta na motsi. Ɗaya. Biyu. A na ukun ta tsaya, ta juya ta dubi Baba.

"Agwagin nan," ta ce. "Masu rawa."

Ƴar Baba ta danna ta fita, ta sake shiga, don ta ga kamar hoton damisar ya motsa. Sunan ya riga ya sake canzawa.

*Sunanka na sa masa*

Tabaran Baba ya zame daga hancinsa ya faɗi kan cinyarsa, bai ɗauka ba. Yaron da ya kira ɓarawo a gaban mutane, wanda bai ji kalmar haƙuri daga bakinsa ba sai yau, tun watanni can baya ya riga ya ɗauki sunansa ya ba ɗansa na fari.

A daidai nan tsohuwar wayar Baba, wadda ke kan tebur cikin tarkacen agoguna, ta fara ruri.

Ƴar Baba ce ta fi kusa. Ta leƙa.

"Baba... baƙuwar lamba ce."

Baba ya miƙo hannu.

"Miƙo min jikana."